Rijiyar da Muka Haƙa wa Inna

Sana'ata gwanjo ce. Dila, wato babban ƙunshin tufafi, nake saye daga Kwatano, in sauke a magazana, wato ɗakin ajiyar kayana na Gaya, mutanen Kamba da na gaba da Kamba su zo su kwasa. Ban gaji sana'ar ba, da dako na fara a bakin gada. Abu guda ta koya mani wanda ban taɓa saki ba: ba na yarda da saman dila. Sai na yanke igiya na zura hannu tsakiya kafin in yi ciniki. Da wannan na gina gida, na aurar da ƴaƴa. Amma rijiyar da ke ƙofar gidanmu na gado, shekara da shekaru ina wuce ta, ban taɓa tambayar abin da ke cikinta ba.

Shekarar da Inna, mahaifiyarmu, ta rasu muka haƙa ta, ni da yayata, wadda ta goye ni, take kuma zaune a gidan tun mutuwar mijinta. Ni na kawo mahaƙa da siminti, ita ta zaɓi wurin: wajen katanga, gindin mangwaro, don kowa ya ɗiba ba sai ya yi sallama ba. Liman ya zo ya yi addu'a, na faɗa da bakina a gaban jama'a cewa sadaka ce ga Inna, ta fita daga hannuna.

Tun ranar matan unguwa suka kafa wata al'ada da ba wanda ya sa su. Duk wadda ta ja guga ta cika bido, wato jarka, in ta ɗora a ka sai ta juya wajen zaure ta ce, "Allah ya ji ƙan Inna." Har waɗanda ba su taɓa ganin Inna ba. Matan masunta Dandawa su faɗa da Hausarsu ta kasuwa, Fulani masu nono su faɗa da tasu. Yaya na zaune a bakin zaure kan tabarma, tana tsinke ganyen miya, tana amsa amin. Amin ɗin nan shi ne aikinta na safe. Ta taɓa ce mani ita a ganinta kowane guga guzuri ne ake aika wa Inna.

Lokacin da muka haƙa rijiyar, bayan gidan gonar gero ce da giginya. Daga baya gari ya cinye gonar. Kamiyoyi, manyan motocin kaya, suka riƙa kwana a layi suna jiran duwan, wato kwastan, direbobi na neman wurin kwana, duk mai ɗan fili ya jera ɗakunan haya, kowane gida da masansa. Ƙasarmu kuwa ruwa kusa yake. Da damina, in ka leƙa rijiyar, sai ka ga kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

Cikin masu haya a bayanmu akwai wata matar masunci, tana soya kifi a bakin hanya. Ta haifi ɗanta na fari, sai zazzaɓi ya kwantar da ita, nononta ya ƙafe. Madarar gwangwani take dama wa jinjirin da ruwan rijiyarmu. Wata safiya da damina na zo gaida Yaya, na tarar da ita tsaye jikin motata, jinjirin a kafaɗa.

"Baba Alhaji, don Allah ka rage mana hanya zuwa likita. Zawo ne, ya ƙi tsayawa."

Na kai su. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, sanina ne, yakan sayi riguna a wajena. Ya duba jinjirin, ya ba da magani, ya tambaye ta ruwan da take dama madara da shi. Ta nuna ni da haɓa.

Ya ce, "Af, ashe mai rijiyar ne ya yi direba. Alhaji, ka taɓa kai ruwanta a auna?"

Na ce, "A auna me? Ruwa garai-garai, ga daɗi. Har daga wata unguwa ake zuwa."

"Kai kake faɗin haka? Kai da ba ka sayen dila da ido?" Ya rage murya. "Jariran layinku sun yi mani yawa duk damina. Ban ce rijiyarka ba ce. Na ce ka kai Dosso, su duba."

Ni ba na son magana a rataye. Satin nan ina da tafiya Dosso, sai na biya labo, ɗakin gwaji na masu aikin ruwa. Wani mushe, kamar yadda muke kiran ma'aikaci ɗan boko, siriri mai gilashi, ya ba ni kwalabe a rufe, ya ce kada in buɗe sai a bakin rijiya, a cika daga guga kai tsaye, a sa cikin ƙanƙara, a kawo ranar.

Ranar da zan koma, mota ta iso da kaya tun da safe, ba ni da halin barin magaza. Na aika wa Yaya kwalaben, na ce ta cika mani da ruwan rijiya, za a duba shi a Dosso. Na biya na karɓa, na kama hanya. Da na isa, mushen ya buɗe ɗaya, ya kai hanci, ya dube ni ta saman gilashi.

"Alhaji, wa ya yi wa ruwan nan kwalliya?"

"Kamar yaya?"

"Jabel ke ciki, ruwan maganin nan mai kashe ƙwayoyin cuta. An tace shi kuma. Wannan ko ni zan sha, amma ba zai gaya mana kome ba."

Na dawo Gaya da ƙanƙarata ta narke, na wuce gidan kai tsaye. Yaya ba ta ma yi musu ba.

"To da ruwan guga zan aika wa baƙi? Da furen mangwaro a ciki? A ce wannan ne ruwan Inna? Na sa alif ya kwanta, na tace da farin ƙyalle, na ɗiga jabel kaɗan."

"Yaya, ba sha za su yi ba. Dubawa za su yi."

"Ko kallo ne, Auta. Kai in baƙo zai ga kayanka, ba ka kakkaɓe su?"

Duniya kaf ita kaɗai ke kirana Auta, da furfurata. Na yi dariya ranar, don abin da ta yi shi ne abin da mutanen Kwatano suke yi mani: a gyara saman dila. Ita ce dariyar ƙarshe da na yi har zuci kan maganar rijiyar.

Karo na biyu ni na ja gugan da hannuna, mata na kallo suna raha, wata na cewa Alhaji ya rasa aikin yi. Bayan ƴan kwanaki na koma jin sakamako. Mushen bai tsaya karanta mani faransanci ba. Ya ɗauko wani ɗan faifai mai murfi, cikinsa ɗige-ɗige kamar an watsa gero. Ya ce kowane ɗigo gidan ƙwayoyin cuta ne, irin waɗanda ke fitowa daga bayan-gidan mutum. Sannan ya zuba sauran ruwan a wata ƴar kwalba, ya barbaɗa wani gari, muka zauna muna kallo launinsa na juyawa.

Ya ce, "Na farkon nan, tafasawa ko jabel na kashe su. Wannan na biyu shi ne nitirat. Wani irin gishiri ne da harshe ba ya ji, daga masai da taki yake sauka cikin ƙasa. In ka tafasa, ruwa ke ragewa, shi yana nan. Babba kan jure. Jariri ne ba ya jurewa."

Na ce, "In sa a yashe ta."

"Yashe ta. Ruwan da zai dawo, ta ƙarƙashin masan nan zai biyo."

"In sa mata murfi, in ɗaga bakin."

"Yi, zai rage dattin sama. Na ƙasa ba ruwansa da murfi."

"To me ake sayarwa wanda zan zuba?"

Ya cire gilashin ya goge. "Alhaji, ba rijiyarka kaɗai ba ce. Ƙasar wurin ce. Ko ruwan pampo, ko foraji, wato rijiyar burtsatse mai zurfi, da aka toshe samansa da kyau. Kafin nan, kada jariri ya sha."

A hanya na yi ta juya maganar kamar yadda nake juya ciniki. Duk matsalar da na taɓa shiga, akwai mutum a ƙarshenta. Ko ɗan duwan ne, ko direba, ko mai kaya, za ka zauna da shi, ka sha shayinsa, ku daidaita. Sai na nemi mutumin da ke ƙarshen wannan. Na je wajen mai ɗakunan direbobi da ke kusa da mu, tsohon abokina ne tun muna dako. Na roƙe shi ya cike masan da ke jikin katangarmu, ya haƙa wani can nesa, ni zan kawo siminti.

Ya ce, "Nesa ina? Taso ka gani." Ya zagaya da ni layin yana nunawa da sanda. "Ga na wane, ga na wane, ga na masallaci. Ga naku na gado, shi ya fi kowanne tsufa. Wanne za mu fara cikewa? Ka faɗa, in ɗauko shebur."

Na tambayi maganar pampo, aka ce bututu a bakin babban titi ya tsaya, layinmu na cikin waɗanda ake jira. Na kira mai haƙa foraji, ya zo ya duba, ya faɗi abin da ya faɗa. Da a shekarun baya ne da ko zama ban yi ba. Amma tun da aka rufe gadar iyaka, rabin magazana iska ce a ciki, abin da ke shigowa ta jirgin ruwa bai wuce na cefane ba. Shi ma kuma ya ce ba zai rantse mani kan ruwan ba sai ya fito an auna.

Saura Yaya. Na same ta da hantsi, na zauna a gefen tabarma, na faɗa mata duka, ban rage ba. Ta saurara har na gama.

"Ƴaƴanka duk ruwan nan suka sha. Ga su nan da nasu ƴaƴan."

"Lokacin gona ce a baya, Yaya."

"To me kake so?"

"In rufe ta."

Ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta. "Taka ce?"

"Ni na..."

"Ina wurin ranar. Ka ce ta fita daga hannunka. Ko ni kaɗai na ji? Ka ba Inna abu, yanzu wani mai gilashi ya nuna maka ɗige-ɗige, za ka je ka karɓe. Tana kwance can, ba ta da kasuwa, ba ta da magaza. Wannan kaɗai ke isa gare ta."

Na tafi wajen Liman, ina fatan ya raba mu. Tsoho ne mai gaskiya, kuma gaskiyar ce ta hana shi yi mani abin da nake so.

Ya ce, "Yayarka ta yi daidai, abin da aka bayar sadaka ba a mayar da shi. Kai ma ka yi daidai, cutar da mutane ba lada a ciki. In za ka rufe, ka ba su madadinta."

"Allah gafarta Malam, madadin ne babu."

"To ka ga inda muke."

Ya dai yi sanarwa bayan sallar la'asar, cewa kada a ba jarirai ruwan rijiyar. Maza ne a masallacin, ba su ke jan guga ba. Kafin maganar ta isa cikin gidaje ta canza kaya. Washegari a kasuwa wani mai shinkafa ya ɗaga murya daga rumfarsa: "Alhaji, an ce gwanjo ya mutu, za ka buɗe kamfanin piya wata! A sa mu cikin masu sari!" Aka yi dariya. Na yi tare da su, don ban ga amfanin bayani ba.

Jinjirin nan kuwa yana cikin raina. Duk sanda na wuce wurin suyar kifi sai in gan shi a bayan uwarsa, kai a langaɓe, wuya kamar zai tsinke. Na fara kai mata ledojin piya wata, na ce na madara ne kaɗai. Ta durƙusa ta yi godiya. Amma gidan haya ne mai mutane da yawa, kuma a wurinmu ba a hana wanda ya ce a ba shi ruwa. Maƙwabciya ta ce sammin ɗaya, baƙo ya zo daga ƙauye, miji ya dawo daga kogi da ƙishi. Abin da na lissafa zai kai sati, kwana biyu ya ƙare, ita kuma kunya ta hana ta faɗa. Sai in gan ta a bakin rijiya.

Daga ƙarshe na yi abin da na saba yi in ciniki ya ƙi: na yanke shawara ni kaɗai. Na sa maƙeri ya yi murfin ƙarfe, na ɗora, na danna kwaɗo, na sa makullin a aljihu. Na ajiye tano biyu, wato durom-durom na ruwa, a gindin mangwaro, na yi magana da ƴan garuwa su riƙa cika su kowace safiya daga pampon bakin titi. Wannan ne madadin da hannuna ya kai.

Yaya ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi. Kullum da safe tana fitowa da tabarmarta ta zauna inda ta saba, tana kallon murfin. Matan su ɗibi ruwan tano su ce, "An gode, Alhaji," ko da ba na wurin. Ba wadda ta ambaci Inna, don ruwan ba na Inna ba ne. In na gaida Yaya ta amsa, ta tambayi iyali, shi ke nan.

Tano biyu kuwa ba rijiya ba ne. Kafin rana ta ɗaga sun ƙare, don da shi ake sha, da shi ake wanki, da shi ake shayar da awaki. Na ƙara na uku, bai canza kome ba. Wadda ta makara sai ta wuce wata tsohuwar rijiya da ke bayan tashar kamiyo, marar baki, wadda ruwan sama ke wanko mata baƙin mai da kashin dabbobi. Matar masuncin kullum cikin masu makara take, don da safe tana bakin kogi tana jiran jirgin mijinta, in ba ta karɓi kifi ba ba su da abin ci.

Ban san haka ba sai ranar da na haɗu da ita a lungun tashar, bido a ka, jinjiri a baya. Na tsayar da mota.

"Ƴata, daga ina ruwan nan?"

Ta sunkuyar da kai.

"Na ledar fa?"

"Ya ƙare, Baba."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Kullum ni ce, Baba? Kai ma ana cewa kasuwa ba daɗi." Ta gyara goyon. "Ina tafasawa sosai. In da itace."

Na leƙa fuskar jinjirin. Idanunsa sun faɗa, leɓensa a bushe. Na ce ta ajiye bidon nan ta shiga mota. Majo ya sa masa ruwa a jijiya, ya kwantar da su. Da ya fito ya tambaye ni abin da ya faru, na faɗa masa, har da kwaɗon.

Ya ce, "Rijiyarka ba ta da kyau, Alhaji. Amma waccan ta bayan tasha, ko jakina ba zan ba."

"To in yi yaya?"

"Ni aikina in sa ruwa a jijiya. In na ce maka buɗe, na yi laifi. In na ce bar ta a rufe, ka ga abin da ke kwance a ciki."

Bayan mushen da Liman, mutum na uku ke nan da ya gaya mani gaskiya ya bar ni inda nake.

Washegari da safe na je gidan. Yaya na kan tabarma. Na cire kwaɗon, na ɗaga murfin na jingine shi da mangwaro. Ruwan na nan yadda na san shi, garai-garai, har da fuskata a ciki. Na miƙa mata makullin.

"Alfarma ɗaya, Yaya. Duk wadda kika gani da goyo, ki gaya mata kada ta ba jinjiri. Ta zo wajenki, zan riƙa ajiye leda a zaure. Ke ba za su ji kunyarki ba."

Ta ƙulle makullin a bakin zane. "In sun ji."

"In sun ji."

Haka muke har yau. Tano ɗaya na bari, shi nake iya cikawa. Ledojin suna zaure bayan ƙofa, Yaya ke rabawa, kuma ta fi ni tsauri, babba bai isa ya taɓa ba. Wasu matan suna ji. Wasu su ce to, su je gida su yi abin da suka saba, don ruwan Inna a wurinsu ruwan albarka ne, kuma ido bai ga kome a ciki ba. Bututun pampo yana nan bakin titi inda ya tsaya. An ƙara gina ɗakunan haya a layin bayan waccan daminar.

Jinjirin ya tashi daga wannan kwanciyar. Yanzu yana rarrafe a wurin suyar kifi, ƙarami ne a kan sa'anninsa, cikinsa kuma yakan ɓaci lokaci-lokaci. Ya fara cin abin da manya ke ci, yana shan abin da aka miƙa masa a kowane ɗaki na gidan hayar. Ba ni da hanyar bin kowane moɗa.

Rannan na zo da safe, ina ƙoƙarin fitowa daga mota, sai ga uwarsa a bakin rijiya da shi a baya. Ta cika bido, ta ɗora a ka. Ruwa ya tsiyayo ta gefen bidon ya bi kafaɗarta, yaron ya sa baki yana lasa. Ta juya wajen zaure.

"Allah ya ji ƙan Inna."

Yaya ta ce, "Amin. Zo ki karɓi na yaron."

"In na dawo, Yaya, kifi na kan wuta."

Ta wuce ta gaban motata, ta rusuna kaɗan da bidon a ka, yaron na tsotsar bakin zanenta da ya jiƙe. Sai na ce amin.